Dodon Gidan Dorer

Alhamis, 23 ga Fabrairu 1933, da hantsi

An fara Fasnet, bikin dodanni na kafin azumin coci, duk garinmu Kirnau ya haukace da ƙararrawa, ni kuwa ina nan ina dafa ruwan zafi saboda gwiwar wani tsoho.

Kaka Severin yau ma bai taka ƙafa ba. Gwiwar ta kumbura ta yi kamar kan kabeji. Shekara hamsin yana saka fuskar katakon gidanmu yana fita tsefe mutane, bana likita ya ce ko bayan gida sai da sanda. Na ce masa, "Tsoho, ka miƙo min gadon tun kana gani, kada a yi rigima bayan ka tafi."

Ya ce, "Ja'iri, kai da wa za ku yi rigimar? Da kyanwa?"

Ya jefe ni da silifa bai same ni ba. Da can ba ya kuskure.

Gwaggo Balbina tana soya fanken biki tana mita, wai tun da aka baro babana a kabarin yaƙi a Faransa take riƙon yara biyu, ɗaya mai shekara sha tara, ɗaya mai saba'in da ɗoriya. Na zuba mata gishiri a gwangwanin sukari. Ba ta gano ba tukuna.

Abin da ya ɓata min rai taron jiya ne. Mun ɗauki Kaka a kujera muka kai shi gidan giyar da ake kira Sa don ya yi wa jam'iyyarsa ta masu sassauci jawabin zaɓe. Ni na jera kujeru. Da na sani da ban wahalar da bayana ba. Mutumin da ya yi shekara talatin a majalisar jiha, wanda ya jawo layin dogo har garin nan, wanda Sarki ya ɗaure saboda abin da ya rubuta a jarida, jiya ya yi magana a kan doka da tsarin mulki ga mai shagon magani da ba ya ji, da tsofaffi kaɗan da suka shigo shan ɗumi, da karen mai gidan. A waje kuwa Egon Straub da yaransa masu riga ruwan ƙasa, 'yan jam'iyyar sabon shugaban gwamnati, suna rera waƙa har taga tana rawa. Egon fa! Wanda ya kasa sayar da takalmi a shagon ubansa.

Takardun kamfen sun rage jibgi guda, bayansu fari tas. A kai nake wannan rubutu. Ko ba komai jam'iyyar ta yi wa wani amfani.

Litinin, 27 ga Fabrairu, da yamma

Na yi. Da za a maimaita ma sai na ƙara.

Kaka yana barcin rana na buɗe akwatin ƙarƙashin matakala na ɗauko rigar, da ɗamarar ƙararrawa, da fuskar. Ban taɓa saka ta ba. Cikinta warin taba da gumin kakanni. Duk garin babu mai irinta, kumatu jajaye, da tabo a haɓa. Jarirai ma sun san ta gidanmu ce, gidan Dorer. To sai me? Kowa ya san fuskar kowa a Kirnau. Ƙa'idar a nono muka sha ta: dodo, wato wanda ya saka fuska, ya sauya murya ya faɗa maka abin kunyar da ka yi a shekara, ka yi dariya, ka saya masa kofin giya. Ba a taɓa fuska. Ba a kiran suna. Mace ko ta gane takalmin mijinta ne, dodo ne.

Gidan giyar Sa cike maƙil. Na fara da mai burodi da babban yatsansa da ke kwana a kan sikeli. Ya yi dariya ya saya. Na tsefe mai dafa wa Fadan coci abinci, ta rufe fuska da atamfar gabanta ta saya. Sai na hango Egon a teburin kusa da murhu, ya baje ƙafafu.

Na ce, "Sannu da dawowa daga fagen fama, jarumi! Jama'a, kun ji labarin yaƙin gonar gwauruwa Hilser?"

Ai kowa ya ji, amma ba wanda ya taɓa faɗa a fili. Lokacin girbi suna atisaye a bayan gonar, toron agwagwarta ya biyo Egon, ya haye tsibin taki yana ihu wai yaransa su kewaye abokin gaba. Na yi musu toron, na yi musu Egon. Daga nan na hau kujera, na kara yatsu biyu a ƙarƙashin hancin fuskar, na yi musu jawabin shugabansu mai ihun rediyon nan, da hannu da komai, amma da yaren agwagwa. Wallahi mutane har suna riƙe tebur. Mahaucin gari ya yi dariya har ya ƙware. Biyu cikin yaran Egon ma sun sunkuyar da kai kafaɗunsu suna rawa.

Egon ya tashi ya miƙo hannu zai cire min fuska. Theres matar mai gidan ta zabga masa ludayi a yatsu.

"Egon Straub, a gidan uban wa ka ga ana taɓa dodo? Zauna ka saya masa giya kamar kowa!"

Bai zauna ba. Ya gyara ɗamara ya ce, "Ba komai. A gai da gidan Dorer."

Ya kira suna. A tsakiyar Fasnet, a gaban mutane. Ɗan iska marar tarbiyya.

Talata, 28 ga Fabrairu, da yamma

Muna shan miyar fulawa Kaka ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ƙararrawar tsakiya ta kwance. In ka ari kayan mutum ka riƙa gyarawa."

Na ce ban san zancen da yake yi ba.

"Sun yi dariya?"

"Har da hawaye."

Na ga bakinsa ya motsa a ƙarƙashin gashin-baki. "Ya saya maka giya?"

"A'a."

Ya ajiye cokali. Bai ƙara ɗauka ba.

Da rana labari ya iso wai gidan majalisar Berlin ya ƙone. Ina ruwana. Ni dai yau ce ranar ƙarshe ta biki, kuma Gwaggo ta kulle akwatin ta rataya makullin a wuya.

Laraba, 1 ga Maris, da rana

Fada ya shafa mana tokar fara azumi a goshi, biki ya ƙare. Kaka yana karanta sabuwar dokar da aka buga a jarida, yana kiran sassan tsarin mulkin da aka dakatar ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta sunayen waɗanda ba su dawo daga yaƙi ba.

Litinin, 6 ga Maris, da safe

An ƙirga. Ƙuri'un jam'iyyar Kaka a garin nan ba za su cika hularsa ba.

Su waye? Ina so in sani. Wanda ya hau jirgin da ya kawo musu, wanda ɗansa ya shiga makarantar da ya yi faɗa da Fada aka gina, wanda ya zo falonmu yana murza hula don a rubuta masa ƙara kyauta. Jiya duk sun wuce ta ƙofarmu sun ce "Barka da Lahadi, ranka ya daɗe," suka je suka dangwala wa mai ihu. Munafukai. Na so in je in kwance ƙafafun bencin da suke zama a dandali, Kaka ya ce in na taɓa bencin gwamnati shi da kansa zai kai ni wurin 'yan sanda. Kuma zai iya.

Alhamis, 9 ga Maris, da la'asar

Yau na tura tsohon ɗan majalisar jiha a amalanken dankali.

Masu riga ruwan ƙasa sun rataya tutarsu a gidan majalisar gari. Da Kaka ya ji, ya ce a ɗauko masa baƙar kwat da doguwar hula. Mota babu, ƙafa babu, sai amalanke. Haka muka ratsa kasuwa, shi a zaune ƙiƙam ya dafa sanda kamar mai zuwa naɗin sarauta, ni ina haki.

A bakin matakala yaran Egon da bindigogi. Magajin gari an ce ya shiga bayi tun safe bai fito ba. Kaka ya ɗaga murya, muryar nan da ake cewa tana kaiwa kujerar ƙarshe a majalisar jiha ta Karlsruhe.

"Ba a ɗaga tuta a ginin nan sai majalisa ta zauna ta amince. Yaushe ta zauna? Wa ya kawo ƙudurin? Wa ya goya masa baya?"

Suka fashe da dariya. Egon ya sauko mataki biyu ya ce, "Dorer, koma gida ka jiƙa ƙafarka."

Dorer. Gatsau. Yaron da ya girma yana lasar tukunyar Gwaggo yana cewa Baba.

A hanyar dawowa na kasa haƙuri. "Tsoho, mutane da bindiga kana tambayarsu wa ya goya baya? Ka ba ni kunya wallahi."

Ya ce, "In ba a tambaya ba, gobe za a ce dama ba a tambaya. Kauce wa ramin can. Zan kai ƙara Karlsruhe."

Asabar, 11 ga Maris, da safe

Babu wanda za a kai wa ƙara a Karlsruhe. Su ma an kore su.

Asabar ɗin dai, da yamma

An kwashe 'yan gurguzun majalisar garinmu a babbar mota zuwa tsohon barikin kan tudu. Har da Anton Kuner da ya koya min iyo. Mutane sun leƙa ta labule.

Talata, 14 ga Maris, da hantsi

Saje Lauble ya zo. Tsohon ɗan sandan da ke zuwa karta wurin Kaka duk Juma'a, yau ya ƙi zama.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, an shigar da ƙara. Cin mutuncin shugaban gwamnati a bainar jama'a. A kan wanda ya saka fuskar gidan nan ranar Litinin ɗin biki."

Kaka ya ce, "Lauble, fuskar gidanku mai karkataccen hanci, bara wa ya saka ta ya ce min ni tulun iska ne?"

"Dodo ne, ranka ya daɗe."

"To. Wannan ma dodo ne. Dodo ba shi da suna."

"Ni na sani."

"Egon ma ya sani. A garin nan aka yanke masa cibiya."

Lauble ya goge wuya. "Ya ce wannan al'adar tsohon zamani ce."

"To rubuta ni ne."

"Likita ya riga ya ba da shaida ba ka taka ƙafa ba ranar. Sun je wurinsa kafin su zo wurina. Suna nake nema, ranka ya daɗe. In ban kai ba, su za su zo nema, kuma ba sa ƙwanƙwasa ƙofa."

Duk zancen nan ina tsaye jikin murhu. Ya dubi agogo, ya dubi kyanwa, ya dubi hoton Kaka mace. Ni kaɗai bai duba ba. Gwaggo ta saki kofi ya tarwatse.

Kaka ya ce, "Ka gai da gida, Lauble. Juma'a ka zo da kartarka, tawa ta tsufa."

Alhamis, 16 ga Maris, da yamma

Dattawan ƙungiyar dodanni sun aiko mahauci. Wai wanda ya yi abin ya fito da kansa ya ceci biki, kada baɗi a hana Fasnet gaba ɗaya. Mahaucin da ya ƙware don dariya! Yanzu wai shi lokacin ya fita fitsari. Mai burodi ma ya fita fitsari. Na bi gari na tambaya, kowa ya fita fitsari. Ashe gidan giyar Sa ba kowa ranar, daga ni sai toron agwagwa.

Theres ce kaɗai ta tsayar da ni ta cusa min tsiran alade a aljihu ta ce, "Ka rufe bakin nan naka, ɗan nema."

Juma'a, 17 ga Maris

Lauble bai zo karta ba.

Asabar, 18 ga Maris, da rana

Dole in rubuta wannan.

Egon ya zo shi kaɗai. Ya shigo da takalmi har falo, ya yanki burodin Gwaggo ba a yi masa tayi ba.

Ya ce, "Laraba majalisar gari za ta zauna, tunda kana son zama. Ƙuduri ɗaya ne. Dandalin 'Yanci zai koma sunan shugaba, a ɗauke dutsen."

Dutsen. Wanda aka sassaƙa sunayen mutanen Kirnau da sojan Sarki suka harbe a tawayen 1849, kakan Kaka a layin farko. Rabin rayuwarsa ya yi yana neman a kafa shi ana hanawa, sai da sarauta ta faɗi aka kafa. Ina yaro a kafaɗarsa na kalli bikin.

Kaka ya ce, "Kuna da rinjaye. 'Yan jam'iyyar coci ba za su yi muku musu ba, jajayen nan 'yan gurguzu kuma kun ajiye su. Me za ku yi da hannun tsoho ɗaya?"

"Garin ƙetaren kogi sun yi nasu da murya ɗaya. Kirnau ba za ta gaza ba, manya suna kallo." Ya taune burodi. "Kuma in Dorer ya ɗaga hannu, wa ya rage a kwarin nan da zai ce uffan?"

"In na ƙi fa?"

Sai a lokacin ya juyo ya dube ni, da murmushi. "Wendel, ka yi ƙiba. Fasa dutse a kan tudu yana gyara saurayi." Ya koma ga Kaka. "In hannu ya tashi, takardar ƙarar ta faɗa murhu. Dodo ya koma ba shi da suna. Ka ga ni ma ina girmama al'ada."

Egon ya kakkaɓe ɓurɓushi ya nufi ƙofa. Na rantse ban yi niyya ba, bakina ne. Yana kama mariƙin ƙofa na ce, a hankali, "Kwak."

Ya tsaya. Wuyansa ya yi ja. Ya fita.

Gwaggo ta mare ni. Tunda nake ba ta taɓa ba, ko ranar da na saka mata kwaɗo a kwandon ɗinki. Ta mare ni sannan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Lahadi, 19 ga Maris, bayan coci

Ban je cocin ba, don na tashi babu takalmina babu wandona. Gwaggo ta kai su inda ta kai. Da bargo na shiga ɗakin Kaka.

Na ce, "Zan je wurin Lauble in ce ni ne. Ko tsirara."

"Ba za ka je ba."

"Bakina ya jawo, jikina ya ɗauka. Ina ruwanka?"

"In ka kai kanka, ka yarda dodo yana da suna. Abin da Egon ya kasa yi da hannunsa ka yi masa da ƙafarka."

"Al'ada! Al'adar da kowa ya fita fitsari ya bar ta? Tsoho, ka ce musu a'a kawai. Kai ne fa ka ce wa Sarki a'a. Labarin da ka cika min kunne da shi tun ina rarrafe."

Ya daɗe yana kallon gwiwarsa. Ya ce, "Sarki yana da alƙalai. Wata uku na yi, da littattafaina, kakarka tana kawo min miya, gandiroba yana ce min ranka ya daɗe. Na fito aka tarbe ni da kiɗa, aka zaɓe ni. Ban taɓa gaya maka haka ba saboda labarin ya fi daɗi in an rage."

"To yanzu me za ka yi?"

"Zan sha magani. Miƙo min."

"Ranar Laraba nake nufi!"

"Ka je ka saka wando, kana tsorata kyanwa."

Na buga masa ƙofa har wani hoto ya faɗo daga bango. Wallahi in ya ɗaga hannun nan ba zan ƙara ce masa Kaka ba.

Litinin, 20 ga Maris, da hantsi

An sako Anton Kuner. Na hange shi ta taga a bakin famfo, an aske masa kai. Yana so ya sha ruwa, yatsunsa sun ƙi riƙe kofi, sai da ya sa baki a famfon kamar ɗan maraƙi. Gwaggo ta fita ta tambaye shi lafiya, ya ce, "An kula da mu sosai," yana waige.

Na juyo na ga Kaka a bayana ya dafa sanda. Ban san tun yaushe yake tsaye ba.

Talata, 21 ga Maris

Ya sa Gwaggo ta goge baƙar kwat. Bai yi min magana ba, ban yi masa ba.

Laraba, 22 ga Maris, da yamma

An ba ni wandona don in raka shi. Ya ƙi amalanke. Da ƙafarsa ya je, yana tsayawa a kowace kusurwa, gumi yana ɗiga daga hular.

Na hau benen 'yan kallo. Masu riga ruwan ƙasa sun jeru jikin bango. Kujerun jajaye ba kowa. Magajin gari ya karanta ƙudurin da sauri kamar mai ɗauke da garwashi.

Kaka ya nemi izinin magana. Na ce yau za su ji. Ya miƙe, ya gyara tabarau, ya tambaya ko adadin 'yan majalisar da ke zaune ya kai a yanke hukunci. Akawu ya ƙirga ya ce ya kai. Ya tambaya ko an aika wa kowa sanarwa a kan lokaci. Aka ce an aika. Ya tsaya kamar yana neman tambaya ta uku. Babu. Ya zauna.

"Masu goyon baya."

Hannaye suka tashi. Na Egon da mutanensa, sai na 'yan coci ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon silin. Hannun Kaka yana kan tebur. Wani ƙato daga cikin yaran Egon da ke bayana ya ɗora tafinsa a kafaɗata, a hankali, kamar aboki.

Kaka bai ɗago ya dube ni ba ko sau ɗaya.

Ba zan rubuta abin da hannunsa ya yi ba.

"Murya ɗaya," in ji magajin gari.

Suka yi tafi. Shi suka yi wa tafi. Mahauci har da zuwa ya kama hannun nan yana girgizawa wai dattijo ya yi dattako.

A hanya ya jingina da ni don ƙafar ta ƙare. Na bari sai da muka wuce dandali, ta gaban dutsen, sannan na buɗe baki.

"Wa ya ce ka fanshe ni? Na roƙe ka? Shekara arba'in ka zubar a kwata saboda agwagwa! Kakanka suka harbe, Tsoho! Da ka bar ni na je, da yau ina iya kallon mutane."

Muka kai gada. Ya tsaya ya riƙe ƙarfen yana numfashi.

"Duk a'ar da na taɓa faɗa, bayana ne ya sha dukanta. Wannan bayanka ne."

"To ka yi daidai kenan. Sannu."

"A'a." Ya juyo, idonsa a bushe. "Ban yi daidai ba. Za su zo su gaya maka na yi daidai, Balbina ma za ta faɗa. Kada ka yarda. Yanzu duk wanda ya ji tsoro a kwarin nan zai ce ai Dorer ma ya ɗaga. Na san haka kafin in ɗaga."

"To don me?"

"Don ba ni da wani jikan. Kama ni, ja'iri, zan faɗi."

Na kama shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ban san ya rame haka ba.

Juma'a, 24 ga Maris, da safe

Jarida ta ce jiya a Berlin ma an nemi hannu, kuma 'yan tsirarun jam'iyyarsa da suka rage can duk sun bayar. Kaka ya ninke ta ya ce, "Ko su jikan wa aka riƙe musu?"

Asabar, 25 ga Maris

Da dawakin mahauci aka ja dutsen. Gwaggo ta rufe tagogin gaba. Lauble ya aiko yaro ya ce a gaya wa ranka ya daɗe ƙarar ta mutu.

Na saka wa Kaka goga a cikin silifa. Ya zura ƙafa, ya ciro gogar, ya ajiye a gefe. Ko harara.

Litinin, 27 ga Maris, da hantsi

Na je karɓo maganin gwiwa. Ina fitowa na yi kiciɓis da Egon a dandali, daidai inda ƙasa ta yi rami. Yaransa uku a bayansa. Mutane a bakin shaguna.

Ya ce, "A'a, Wendel! Ya jikin tsohon? Ka gaishe shi, mutumin kirki ne." Sai ya miƙe hannu sama, irin gaisuwarsu, ya tsaya yana jira.

Sabon takalminsa ya taka kashin doki bai sani ba. Ga hannu a sama, ga ƙafa a ciki. Magana ta zo min har kan harshe, wadda ta fi duk wadda na taɓa yi, wadda da na sake ta sai an yi shekara goma ana maimaita ta a gidan giyar Sa. Na ji ɗanɗanonta.

Na haɗiye. Na mayar da kwalbar hannun hagu.

Na ɗaga.